Lambun Iya a Bayan Ɗaki

Ina ƙarama mahaifiyata ta rasu, shi ne Baba ya je ƙauyensu ta wajen Haɗeja ya ɗauko mahaifiyarsa ta zo ta riƙe ni. Iya muke ce mata. Sunanta aka sa mini, don haka ba ta kira na da komai sai "takwara". Shi kuwa Baba ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, "ubanki" kawai take cewa.

A Panshekara muke haya. Baba yana aiki a wani kamfanin fata a Challawa, kuma yawanci aikin yamma ne, ya fita bayan azahar, ba zai dawo ba sai na yi barci. Maƙwabtanmu ma kusan duk ma'aikata ne, jiniya ke fitar da su, ita ke dawo da su. Da an yi magariba sai gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙugin injina daga nesa, da warin jima in iska ta juyo. Mu biyu muke saura a gaban murhu, ni da Iya.

A lambu Iya ta tashi, a lambu ta yi aure. Cikin kayan da ta zo da su har da wata fartanya mai guntuwar ƙota, da lauje, da ƙulle-ƙullen iri a tsumma. Akwai wani ɗan fili a bayan ɗakinmu, tsakanin bango da kwata, inda ake zubar da shara. Ta tsince kwalabe da ledoji, ta fasa ƙasar, ta cakuɗa ta da toka da kashin awaki. Sannan ta ja 'yan fangali, ta ɗaga gefensu yadda za su riƙe ruwa. Ta yafa irin albasa da tumatir da alayyafo, ta lulluɓe da busasshiyar ciyawa har suka tsiro. Ban ruwa kuwa da gwangwani take yi, wanda ta huhhuda gindinsa da ƙusa.

"A gida da jigo muke ɗebo ruwa daga kogi," in ji ta. "Yau ga ni da gwangwanin madara. Takwara, riƙe shi sama-sama, kada ki kwantar mini da tsiro."

A wajenta na koyi cewa ba a dashe da rana tsaka, sai da yamma, kuma da ƙasar da ke jikin saiwarsa ake ɗauko tsiro. Na koyi rage su in sun yi cunkoso, da cirar ciyawa tun tana ƙarama, da barbaɗa toka a ganye saboda tsutsa.

In mun ci tuwo mun yi sallar isha'i, sai ta tura itace cikin murhu ta ce, "Matso, takwara, ga wata nan tafe." Ni kuma in ce, "Ta ƙaraso, ina ji." Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma akwai guda da ta fi maimaitawa.

Wai wata yarinya ce, 'yar masu lambu, ta je ɗiban ruwa sai kogi ya kawo, ya tafi da ita, ya yar da ita a wata ƙasa da babu komai sai duwatsu. Mutanen ƙasar ba mugaye ba ne. Sun ba ta ɗaki, suna ba ta abinci, sai dai kullum sauri suke yi, babu mai tsayawa ya tambaye ta daga ina take. A bakin zaninta akwai ƙullin iri. Ta zuba a kan dutse, rana ta ƙone shi. Sai ta samo fasasshiyar tukunya, ta dinga tara ƙurar ƙafar matafiya da tokar murhu da kashin tsuntsaye, har ya zama ƙasa. Ta shuka sauran irin, ya fito. Ana nan sai wani tsuntsu daga ƙasarsu ya ji ƙamshin albasa, ya sauko.

A nan Iya takan siranta muryarta: "Yarinya, hau bayana in kai ki gida."

Sai ta mayar da muryar yarinyar: "Dakata su yi ƙwari tukuna. In na tafi yanzu, wa zai ba su ruwa?"

Kowace shekara tsuntsun zai dawo, kowace shekara kuma akwai sabon tsiro da bai yi ƙwari ba.

Ni dai wannan ƙarshen bai taɓa gamsar da ni ba. Sai in ce, "To Iya, ta koma ko ba ta koma ba?"

Ta ce, "Tashi ki kwanta, garwashi ya mutu."

Wata damina aka yi ruwa mai ƙarfi, kwatar bayan gida ta cika ta tumbatsa. Ruwan da ke gangarowa daga kamfanoni, baƙi mai kumfa da wari, ya malale fangalin Iya gaba ɗaya. Kafin kwana biyu ganyen ya ƙone kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ta tona ƙasar da fartanya, ta shinshina, ta ajiye. Ba ta yi kuka ba. Ta dai zauna a bakin ƙofa, abincin rana ma ba ta taɓa ba.

Baba ya tsuguna a gabanta kafin ya fita aiki. Ya ce, "Iya, na san zaman nan yana yi muku wuya. In kuna so ku koma gida, zan kai yarinyar wajen ƙanwar uwarta a Hotoro."

Ina tsaye a bayan labule, ina jin duk abin da suke faɗa. Matar Hotoron nan sau ɗaya na taɓa ganinta.

Iya ta juya ta dubi fartanyarta. Can ta ce, "Ka samo mini buhuna da tsofaffin tayoyi. Da bulo, in ɗora su a sama inda ruwan nan ba zai kai ba. Ƙasa kuma a ɗebo mini daga nesa."

Haka aka yi. Lambun ya koma cikin buhu da taya, bai ƙara yin kyan na farko ba, amma ba mu rasa ganyen miya ba. A Panshekara Iya ta rasu, ina ajin ƙarshe na sakandare.

Bayan rasuwar muka je ƙauyensu gaisuwa, karo na farko da na taka shi da wayona. Wata tsohuwa, Gwaggo Hansai, ƙawar Iya tun suna 'yan mata, ta kama hannuna ta kai ni fadama. Injinan ban ruwa ne ke ta ƙara, jigo ko ɗaya babu. Ta nuna mini wani wuri a bakin ruwa ta ce nan ne lambun su Iya. Da yamma muna zaune sai na ɗauko mata tatsuniyar ƙasar duwatsu, ina so ta faɗa mini yadda ta ƙare. Ta saurara har na gama, sannan ta girgiza kai.

"'Yar nan, wannan ba tamu ba ce. Duk tatsuniyar da ta sani tare muka ji ta a bakin iyayenmu. Wannan a can wajenku ta ƙirƙiro ta." Ta goge ido da gefen mayafi. "Duk kaka nake aika mata da iri, in ce a gaya mata wurinta yana nan. Sai ta aiko a ce mini baɗi."

Yanzu ina aiki a wani kamfanin biskit a Bompai, ina zaune ni kaɗai a ɗaki a Dakata. Da ina yarinya na ɗauka aikin lambu take koya mini da tatsuniyar nan, yadda ake haɗa ƙasa, yadda ake lallaɓa tsiro. Sai da na san dawowa daga aiki in tarar da ɗaki babu mai amsa sallama, sannan na gane mutum yana iya zama tare da wanda yake ƙauna, kewa kuma tana cinsa a hankali. Iya ba ta da wanda za ta faɗa wa sai yarinya mai gyangyaɗi, shi ya sa ta faɗa mini ta yadda ba zai yi mini nauyi ba. Duk shekarun nan gida yana kiranta tana cewa baɗi, ni kuma ina ta girma a gabanta.