Butar Shayin da Na Goge da Toka

Ranar Alhamis ce ta ƙarshe a watan Sha'aban, shekarar da nake aji huɗu na firamare. Ina zaune a tsakar gidanmu da ke bayan unguwar Anbariyya a garin Manzon Allah, butar shayin Baba a kan cinyata, ga toka a murfin gwangwani, ga ɓarin lemun tsami, ga soson ƙarfe. A lokacin Alhamis da Juma'a ne ranakun hutu, kuma a gidanmu ba a shiga azumi da ƙura, don haka tun sassafe Umma ta fito da komai waje, ta hau soro tana kakkaɓe darduma. Ta buɗe dulab ɗin Baba, wato babban kabad mai gilashi da ke ɗakin baƙi, don ta share ƙarƙashinsa, ta manta mabuɗin a jiki. Na daɗe ina kallon butar nan ta bayan gilashi ina jin tausayinta. Duk ta yi baƙi, musamman wajen cikinta inda aka zana wani abin kiɗa, kamar wadda aka manta a murhu. Na ce a raina yau zan fitar da Baba kunya. Na goge ta yadda aka koya mini goge tukunya, da ƙarfi, ina cije leɓe, har kafaɗata ta yi tsami. Da na ɗauraye ta sai na ga ta yi fari fes a wuya da hannu, amma cikinta ya koma ja kamar tsohon kwabo, zanen kuwa sai an karkata ta ga rana ake ganin alamarsa.

Mahaifina ma'aikacin filin jirgi ne, cikin masu sauke kayan alhazai. Mutum ne mai ƙarancin magana, ba ya shan taba, ba ya zaman gahawa da abokai. Abu ɗaya yake kashe wa lokaci: tara tsofaffin kaya masu hoton wani abin kiɗa na Turawa, mai tsirkiya jere kamar zaren masaƙa, wanda shi yake kira garaya ko da yake bai yi kama da tamu ba. Akwai cokulan azurfa da aka zana ta a wutsiyarsu, da farantan tangaran masu bakin zinariya, da finjalan shayi guda biyar waɗanda na shidansu ya ɓata tun kafin su zo hannunsa, da kujeru biyu na katako da aka sassaƙa majinginarsu da siffar garayar, aka sa siraran sandunan tagulla a matsayin tsirkiya. Ba wanda ke zama a kansu. Ko limamin unguwa ya zo, a ƙasa yake zama kan kilishi yana satar kallonsu. Ya taɓa tambayar Baba ko ya dace a cika gida da kayan kiɗa a garin Manzon Allah, Baba ya ce masa ai ba mai rai ba ne, kuma ba ta taɓa yin ƙara ba. Malam ya yi dariya, bai sake tayar da zancen ba.

Umma kuwa nata jeren daban, a ɗakinta: kwanukan sha da langa-langa da tasoshi tun na aurenta, an ɗora su bisa juna har kusa da rufi, kowanne kana ganin fuskarka a jiki. "Mace da gindin tukunyarta ake gane ta," haka take cewa, kuma da wannan karatu na tashi. In na dawo makaranta na cire rigar makaranta, sai tsintar shinkafa, sai wanke-wanke, sai hawa soro in juya kuɓewa da yakuwa da muke shanyawa, in kori tattabaru. Kuka da daddawa daga hannun alhazan gida muke samu, Umma tana ɓoyonsu kamar zinariya. In aiki ya ƙare mu 'yan matan lungu mu zauna a dakali muna 'yar carafke da ƙwallon dabino, muna waƙar gaɗa rabi Hausa rabi Larabci, wasunmu iyayensu daga Kano, wasu daga Damagaram, wasu ta Sudan suka biyo har harshensu ya karkace. Amma abin da na fi ƙawayena da shi shi ne haraj, kasuwar tsofaffin kaya. Duk Alhamis ɗin da Baba ba ya aiki, ni yake riƙe wa hannu mu tafi, ba yayyena maza ba. Mu ratsa tsakanin tsofaffin fankoki da katifu da akwatunan da alhazai suka bari, yana ɗaga faranti yana ƙwanƙwasa shi da farce ya kai kunne. Sau da yawa hannu rabbana muke dawowa, sai burodin tamis mai zafi da damin na'ana. Ummi yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Ran nan bayan la'asar ya dawo, rigar aikinsa ta jiƙe da gumi. Na tare shi a zaure da butar a hannu biyu, ina murmushi. Ya karɓa, ya juya ta, ya sa babban yatsansa a wurin da ya yi ja, ya daɗe a haka. Bai dake ni ba, bai ɗaga murya ba. Umma ce ta sauko ta gani ta dafe ƙirji, ta ce in durƙusa in ba shi haƙuri. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini." A gidan Bahaushe kowane yaro ya san amsar wannan magana, yadda ya san amsar sallama: na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na sunkuyar da kai ina jira. Abin da ya ce kawai shi ne, "Tashi, Ummi." Ya mayar da butar cikin dulab, ya juya jan gefen ya fuskanci bango, ya kulle, ya tafi alwala.

Iya, kakata ta wajen uba, ita ta gaya mini abin da na goge. Kwana biyu bayan haka muna tsinke zogale ta ce, "Ƙawata, kin iya aiki, sai dai ba ki iya tambaya ba." Ta ce mijinta, kakana da ban tarar ba, makaɗin garaya ne na maharba a can gida. Da suka taso aikin hajji a ƙasa, da garayar ya ciyar da su a hanya shekara da shekaru, ƙauye bayan ƙauye. Da suka iso bakin teku ya ba da ita ga wani, ya yi alkawari ba zai shiga garin Annabi da kiɗa ba, kuma ya cika. Sai dai yatsunsa ba su san da alkawarin ba. In yana zaune sai ka ga suna motsi a kan gwiwarsa, ba sauti. Baba ya tashi yana ganin haka. Da ya fara aiki ya ga butar nan a haraj ya kawo wa tsohon, shi kuma ya yi dariya ya ce wannan garayar masu kuɗi ce, tsirkiya ta yi mata yawa. Amma har ya rasu, in ana shan shayi, babban yatsansa na kan zanen yana shafawa. Baƙin da na gani, rabinsa na shekaru ne, rabinsa na hannun kakana. Butar ma ba azurfa ce zalla ba, ruwan azurfa ne a kan jan ƙarfe, shi ya sa toka ta cinye shi.

Daga nan ban sake zuwa haraj ba. Umma ta ce ai na girma ne, lokacin lulluɓi ya yi, wataƙila kuma gaskiyarta. Abin da Baba ya yi shi ne ya yanko ƙyalle daga tsohon rawaninsa ya nuna mini yadda ake share ƙura ba tare da an danna ba, ya ce daga yau aikina ne. Na karɓa da murna, ina zaton hanyar yafiya ce. Kowace Alhamis in fito da cokali ɗai-ɗai, faranti ɗai-ɗai, in bi sandunan kujerun nan da ƙyalle a yatsa, yana zaune yana kallo, in na gama ya ce madalla. Kowace shekara in azumi ya gabato mukan taru mu nemi gafarar iyaye, ya ɗaga hannu ya ce Allah ya yafe mana duka, a jimlace, ni kuwa ina kasa kunne ko zan ji tawa daban. Na gama sakandare, aka yi mini aure, aka rushe lungunmu aka yi gine-gine, muka kwashe kayan nan a cikin barguna zuwa wani gida, daga baya zuwa wani. Ko ina goyo, ko ina da tsohon ciki, Alhamis tana yi zan je gidan Baba da ƙyallena. Ba ya gaza mini da komai, ya yi mini gata fiye da kowa. Amma akwai kalma biyu da nake bin sa bashi, kuma kunya ta hana ni sake roƙo.

Sai da na haifi 'ya'ya huɗu kafin na ji su. Baba ya tsufa, ɗaukar kaya ya ranƙwafar da bayansa, ya ce yana so ya yi umara tun yana iya taka ƙasa. Muka raka shi Bi'ir Ali, inda ake ɗaura harami, ni da maigidana da hantsi, wurin cike da manyan motoci da hayaƙi da masu talbiya. Ya fito daga masallaci cikin harami, kafaɗarsa duk ƙashi. Yayana da zai tafi da shi yana ta cewa yalla, wato a yi sauri, mota za ta tashi. Baba ya yafito ni gefe, ya ce, "Ummi, butar nan." Na sunkuyar da kai kamar ina aji huɗu. Ya ce ranar da na durƙusa bai yafe ba, kuma bai iya yi wa yarinya ƙarya ba, shi ya sa ya yi shiru. Ya ce daga baya zuciyarsa ta sauko, tun ban gama firamare ba, amma ya ga kamar tayar da maganar zai fama mini ciwo, ya ɗauka na manta. "Na yafe," in ji shi. "Ke ma ki yafe mini, na bar ki da kaya." Na ce na yafe, Allah ya yafe mana. Ya shiga mota. Na yi zaton ranar da na ji wannan magana zan yi kukan daɗi. Abin da na ji gajiya ce, irin ta wadda ta sauke tulu bayan doguwar tafiya, sai a lokacin wuyanta ya fara ciwo. A hanyar komawa barci na yi a mota.

Yau Baba da Umma da Iya duk sun riga mu gidan gaskiya. Kayan suna wurina, a hawa na uku a wani gida kusa da hanyar filin jirgi, domin yayyena sun ce ba su da wurin ajiye tarkace. Inda muka yi 'yar carafke ba na iya nuna shi yanzu, otal ne ko titi. 'Ya'yana suna jin Hausa amma da Larabci suke amsa mini, kuma ba wanda ya taɓa ganin garaya ta gaske a cikinsu, har ni. Gwiwoyina sun fara ƙi, wata Alhamis in share, wata in kalli dulab ɗin in ce sai mako mai zuwa. Watan jiya jikata 'yar shekara bakwai tana guje-guje ta bangaji teburi, farantin tangaran ɗaya da na fitar ya faɗi ya rabu uku. Ta tsaya, ta fara cewa samihini ya Sitti, wato ki yafe mini Kaka. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma kafin ta rufe baki na ce na yafe, na faɗa da Hausa, na sake faɗa da Larabci don kada ta yi shakka. Ban sani ba ko ƙarya na yi a wannan lokacin, Allah ya sani. Bakina ne ya riga, zuciyar ta biyo shi daga baya tana ɗingishi.