Ranar da Alhaji ya ƙaryata baƙuwata

Na daɗe ina koyar da tarihin noma a wata kwaleji a New York, kuma na san yadda ake gayyatar mutum taro don kawai a ji tausayinsa. An sha yi mini. Ki je da takardar bincikenki, su kuwa labarin yunwar Afirka suke jira.

Shi ya sa raina ya ɓaci da na ga jadawalin taron sashenmu. Akwai wata malama 'yar Yukren da yaƙi ya raba da jami'arta, rabin rayuwarta tana bincike kan yadda manoman ƙauyukansu ke adana iri. Minti goma aka ba ta, wai ta faɗi halin da ta shiga. Na sami shugaban sashe na ce matar nan masaniya ce, ba jaje ta zo karɓa ba. Ya yi mini murmushin nan nasu, ya ce babu lokaci. Ta yi minti gomanta, aka tafa, wasu har da share hawaye, ba wanda ya tambaye ta komai game da iri. A bakin lif, na'urar hawa bene, ta ce mini tun zuwanta ƙasar nan ba a taɓa yi mata gardama ba, har ta fara shakkar ko har yanzu ita malama ce.

Na ce ta ɗauko takardar bincikenta ranar Asabar, ni zan nemo mata masu saurare.

A Highbridge inda nake zaune akwai shagon wani dattijo ɗan Maraɗi, Alhaji muke ce masa, yana sayar da gero da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Bayan la'asar 'yan kasuwa da direbobin tasi kan taru a bayan shagon, kuma kusan dukkansu da fartanya a hannu suka tashi. Abu ɗaya na roƙe su, kada a yi mata jaje. Aikin banza na yi. Tana zama suka fara ɗaya bayan ɗaya, Allah ya kiyaye gaba, Allah ya kawo ƙarshen abin. Ina fassarawa ina cizon leɓe, ina kallon kafaɗunta suna sauka.

Haka dai ta fara karatu, murya ƙasa ƙasa. Ta kai wurin da ta rubuta cewa hatsin da ba a sussuke ba, da wuya ya wuce shekara a ajiye. Alhaji ya ajiye kofin shayinsa.

"Malama, gaya ma Madam wagga magana ba gaskiya ba ta."

Wani direba ɗan Kumasi ya ce, "Haba Alhaji, baƙuwa ce fa, take it easy."

Ni kuwa na fassara mata yadda ya faɗa, ban rage komai ba.

"Gero da zangarniyarshi muke sa shi rumbu, dami dami," in ji Alhaji. "Ubana ya shuka na shekara ukku, ya tsiro."

Fuskarta ta yi ja. Ta tambayi tsayin rumbun daga ƙasa, da watannin damina, da irin ƙwaron da ke cin geron. Ta ce alkama ba gero ba ce, ya ce ai ita ta ce hatsi. Direban da ke ba da haƙuri ɗazu ya shigo da maganar masara, muryarsa ta fi ta kowa. Ita kuwa baƙuwar har buhu ta buga da tafin hannu. Na gaji da fassara, kuma ban taɓa jin daɗin gajiya irin ta ranar ba.

Na raka ta tashar jirgin ƙasa mai lamba huɗu. A tsaye ta jingina takardar da bango, ta soke layi biyu da biro.

"Ki gaya wa Alhaji rabin maganarsa kuskure ne," ta ce. "Kuma ya jira ni, zan kawo masa hujja."