Littafin Sista Jemimah

Sista Jemimah ta yi shekara shida a wani ƙaramin asibiti a Sabon Garin Zariya, inda masu shaye-shaye ke zuwa a duba su su koma gida. Ni ke raba kati a wurin, don haka na san ta sarai. Ba a taɓa tura ta kwas ba. Fosta ɗaya ce a bangon ofishinta, ita ma ta tarin fuka ce. A bakin masu shaƙar sholisho da shan maganin tari ta koyi aikin, tana rubuta abin da suka faɗa a wani littafin makaranta. Duk wanda ya zauna gabanta sai ta yi masa alkawarin maganarsa ba za ta fita ɗakin ba.

A 2007 wata ƙungiya ta shirya horo na kwana uku a Samaru. Shugabanmu, Mista Bernard, mutum ne mai son a yaba masa. Ya ari littafin, wai zai nuna ta cancanci zuwa. Aka kuwa sa sunanta. Har sabon takalmi ta saya a kantunan PZ.

Ran farko aka raba wa mutum talatin takardun darasi. Tana dubawa sai ga rubutun hannunta, an yi hotonsa. Bernard ya goge sunaye da biro, a ganinsa ya rufa asiri ke nan. Amma ya bar "tela, gidansu na bayan injin niƙa a Hanwa, aurensa bayan Sallah." A Zariya ai wannan ya fi suna. Cikin mahalarta kuma akwai gwaggon amaryar.

Jemimah ta tare shi a waje. "Oga, me ya sa ka yi mini haka?"

"Haba Sista, kayan aiki ne. Kowa ma ya yaba."

Har yau in na tuna amsar nan raina ɓaci yake yi.

Telan, Abdulhafiz, wata tara ke nan bai sha komai ba. Ranar Litinin ya zo, bai bi layi ba, ya tsaya a ƙofarta.

"Sista, sun dawo mana da lefe. Ko mahaifiyata ban gaya wa ba. Ke kaɗai na gaya wa."

Ta buɗe baki za ta ce ba ita ba ce, sai ta tuna cewa da hannunta ta miƙa wa Bernard littafin. Shi kuma ya juya ya tafi.

Sati uku tana zuwa shagonsa in an tashi aiki, kullum a kulle. A na huɗu ta tarar da wani yana ɗinki a ciki, ya ce mata shi ya sayi keken ɗinkin a hannun Abdulhafiz.