Sun Rufe wa Mai Garma Fuska

Da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ranar Talata, ƙanena Yohanna ya cika. Mu uku ne a ɗakin: ni, da matarsa Asabe, da 'yarsa Rifkatu. A makon nan shekara bakwai ke nan.

Malamin firamare ne a Tabanni. In an tashi makaranta sai ya zauna yana zane a littafin rubutu, labarin wani jarumi da ya ƙago ya sa masa suna Mai Garma. Manomi ne mai malfa da takalmin roba. In ya kafa garmarsa a ƙasa ya kara kunne a ƙotar, yakan ji inda aka ɓoye mutane a daji, ya je ya fito da su. Ni ban taɓa karanta ko littafinsa ɗaya har ƙarshe ba. Na sha gaya masa magidanci ba ya zaman zana 'yar tsana. Da ya rasu na ɗaure littattafan da igiya na ajiye a ɗakin hatsi. Gara ta cinye su. Laifina ne, na rubuta shi da kaina don kada wani ya faɗa a madadina.

Bara Rifkatu, wadda yanzu take karatu a Kaduna, ta haɗu da wasu matasa masu zane a kwamfuta. Ta ba su labarin iya abin da take tunawa, suka ce za su buga shi. Don in fahimci harkar, ta aiko mini da irin littattafan jaruman nan na ƙasashen waje. Na sa tabarau na karanta su duka.

Ga abin da na gani. Na farko, ba a san mafari ba. Uku daga ciki kowanne an rubuta masa lamba ɗaya, alhali jarumin guda ne. Na biyu, mutum ya mutu a wannan littafin, har an binne shi, a na gaba ga shi yana tsalle a kan bene da sabuwar riga, ba wanda ya yi bayani. Sai tufafin. Mayafi yana jan ƙasa a baya. Wanda ya zana shi bai taɓa ratsa ƙaya ba. Rifkatu ta ce haka ake yi, kowane sabon mai zane yana sake wa jarumi kama don ya dace da zamani. Na ce to, nasu ne, su yi yadda suka ga dama.

Sai aka zo kan namu. Da ta zo hutu ta nuna mini sabon Mai Garma a wayarta. Ƙirji kamar buhun masara. Babu malfa. Garmar ta zama wani ƙarfe mai walƙiya rataye a kafaɗa. An ɗora shi a kan babur, an naɗe masa fuska da baƙin ƙyalle, ido kawai ake gani.

Na miƙa mata wayarta. Ta ce, "Baba, ai duk jarumai suna rufe fuska."

Na ce, "Rifkatu, a garin nan, wa yake fitowa daga daji a kan babur da fuska a rufe?"

Uwarta ta tashi ta shiga ɗaki.

Na kira shugaban matasan. Yana da ladabi, ya saurare ni har na gama. Amma ya ce masu karatu a birni haka suka saba, kuma su ba su taɓa ganin zanen asali ba, sai bayanin baki. In na kawo shafi ɗaya na hannun Yohanna kafin su kai aikin wurin bugawa a ƙarshen watan gobe, za su bi shi. Ba ni da shi.

Da Yohanna yana nan, na san ƙirjin zai ba shi dariya, don shi kansa siriri ne. Babur ma ƙila ya haƙura. Fuska kuwa ba zai yarda ba. Sau ɗaya na leƙa ta bayansa yana zana wata mata da aka tsare a daji ta ɗago kai tana kallon Mai Garma. Na tambaye shi me ya sa ya ɓata shafi guda a kan kallo kawai. Ya ce wanda ya daɗe a hannun mutanen nan ba zai bi kowa ba sai ya ga fuskarsa ya gane ɗan gida ne. Ban ba maganar muhimmanci ba a lokacin.

Asabe ce ta gaya mini cewa yakan yage shafi ya ba ɗalibin da ya yi ƙoƙari. Waɗannan ɗalibai yanzu manya ne, wasu suna Damari, wasu a cikin gari, wasu tashin hankali ya kai su Kaduna da Zariya. Abin da ya rage na aikinsa yana hannunsu, in da saura.

Kai da Malam Yohanna ya koyar a Tabanni, ina roƙonka ka buɗe akwatinka a makon nan, ka duba cikin tsofaffin takardu. In ka samu, ka ɗauki hoto ka aiko ta ofishin jaridar nan, za su sada shi da ni. Ko rabin shafi ne, in dai fuskar ta fito.