Saudatu, Inna Hure Tana Tambayar Ki

Ranar Talata, 14 ga Maris, 2017, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyata Saudatu Abdullahi a nan Gummi, bayan zazzaɓin da muka ɗauka na kwana biyu ne. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na faɗa da bakina, amma har yau kaina bai gama ɗauka ba.

Saudatu, ke kika fara lura cewa tsofaffin unguwarmu sun daɗe a duniya fiye da iyayensu. Ga asibiti, ga maganin hawan jini, rai ya yi tsawo, amma 'ya'yan da za su riƙe su sun watse, wasu birni, wasu wajen haƙar zinari a Bukkuyum. Sai kika faɗaɗa ciyayyar da muka gada, kika ƙara tukunya. Kunu da safe, tuwo mai laushi da yamma saboda marasa haƙora. Baba Makau kullum sai ya yi ƙorafin kin hana shi gishiri, ke kuwa ki ce ya kai ƙara wajen likita, sannan ki zauna har ya suɗe kwanon.

To ga abin da ya ɗaure mini kai. Ke ba ki kai hamsin ba. Waɗanda kike ciyarwa sun haura shekara tamanin, kuma su suka zo mana gaisuwa, suna dogara sanda. Ban ja da hukuncin Allah ba, na dai rasa yadda zan jera abin a raina.

Mu matan unguwa mun raba gidajen tsofaffin a tsakaninmu. Ni aka ba Inna Hure, tsohuwar nan da idonta ya tafi, tunaninta ma yake zuwa yana komawa. Da na kai mata tuwo, ta kai loma ɗaya sai ta ture kwanon.

"Wanga tuwo ba hannun Saudatu na ba. Lahiya take?"

Na gaya mata gaskiya. Ta yi kuka kamar yanzu aka fita da ke, ta ƙi ci. Washegari ta manta, ta sake tambaya, na sake faɗa, ta sake kuka, ta kwana da yunwa. Tana ramewa a gabana. In na faɗa, na sabunta mata mutuwarki. In na ɓoye, na yi wa tsohuwa ƙarya. Da kina nan, da ke zan tambaya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna. Ya ba Malam Halilu mijinki da 'ya'yanki da dangi haƙurin wannan rashi.

Ku sa ni ma a addu'a. Jiya da ta tambaya, na ce mata, "Inna, ita ta ce ki ci." Ta cinye tas, ta ce in gaishe ki.