Kwalabe Tamanin da Ɗaya Marasa Suna

Shekara goma sha tara ta yi tana kula da firizar ɗakin bincike, har kowa ya koma kiran ta Uwar Sanyi. Firizar ba irin ta gida ba ce. Sanyinta tamanin ne ƙasa da sifili, wanda duk ya sa hannu ciki ba safa sai fatarsa ta saɓule. Jinin yara masu sikila ake ajiyewa a ciki, a 'yan kwalaben da ba su fi ɗan yatsa ba. Ƙarfe takwas da ƙarfe huɗu take duba ma'auni ta rubuta, kuma ba ta yarda ƙofar ta wuce minti ɗaya a buɗe. Ko ranar da 'yarta ta haihu sai da ta leƙo.

Saura mata wata biyu ta ajiye aiki tsautsayi ya faɗa mata. Can baya takardun liƙa suna masu jure sanyi sun taɓa ƙarewa, ta yi amfani da na ofis da niyyar sauyawa. Sababbi suka iso, ita kuwa ta sha'afa.

Ranar Talata ta zaro akwati na sha huɗu, ya kuɓuce mata ya kife kan tebur. Kwalabe tamanin da ɗaya suka watse, takardun suka zube gefe guda, don sanyi ya riga ya cinye gam ɗin. Ta tattara ta mayar firiza.

Dogo, wanda ke ɗibo jinin, yana tsaye bakin ƙofa.

"Inna, yau 'yar lelen taki ce ta yi miki tutsu?"

"Ba lokacin wasa ba ne, Dogo."

"To ki liƙa su yadda suke jere a littafi mana. Jini ai duk ja ne."

"Sai likita ya ce wa wata uwa ɗanta ya samu sauƙi, alhali jinin ɗan wata ya duba?"

"Wata uku na yi ina lallashin iyayen nan, har bakina ya bushe. Wasu yaran ma sun rasu. Ina zan sake samo nasu?"

Ta jawo takarda ta rubuta kwanan wata, lokaci da lambar akwati, a ƙasa ta sa: kuskurena ne.

"Gobe tare za mu fita," in ji ta. "Ni zan yi wa iyayen bayani."

"Da wannan gwiwar taki mai ciwo?"

"Da ita. Nawa ne suka rasu?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Bakwai."

Ta ƙara wannan a takardar, ta nufi ofishin shugaba.