Kafofin da Sabo Ya Fasa a Bangona

Shekara tara ke nan da Allah Ya karɓi ran taubashina, Injiniya Sabo, mai zanen gine-gine. Ni tun a firamare na yi sallama da boko, shi kuwa ya yi ta karatu har gashin kansa ya gudu. Da yake taubasai ne mu, ban taɓa raga masa ba.

Burinsa ɗaya ne: ya gina dogon benen ofisoshi a Ikko wanda ba ruwansa da janareto. Rana ta ba shi wuta daga rufi, iska ta yi masa fifita. Na ce, "Sabo, bene ne ko rumfar mai shayi?" Ya ce, "Bari dai, jahili, a hawan ƙarshe zan ajiye ka."

Gwajin farko, wani ƙaramin ofis ya yi wa mutanen Ikko, irin ginin garinmu Gumel: bango mai kauri, taga 'yar ƙarama. A nan haka ke tare zafi, don namu busasshe ne. Can kuwa iskar jiƙe take, ɗaki ya yi ta gumi har fumfuna ta cinye takardu. Na shekara ina yi masa dariya. Daga nan ya gane gini a ƙasar damshi sai ya yi numfashi: inuwa kan kowace taga, mashigar iska ta ƙasa, mafita ta sama.

Da ya zo hutu sai ya huce a kan ɗakina. Ya sa magini ya fasa kafofi a saman bango, wai gwaji. Na ce ya mai da ni kaza a akurki. Bai koma Ikko ba. Ciwo ya kwantar da shi, benen ya tsaya a takarda.

Yau ko'ina farantan sola ne, har shagunan Maigatari. Da yana nan da ya yi murna, sannan ya hango sababbin ofisoshin gilashin nan da ake rufewa ruf a kunna iyakwandishan, ya dafe kai.

Bana ɗana Habibu ya zo da magini, zai toshe kafofin ya sa mini iyakwandishan, wai tausayina yake ji. Na ce, "Ku bari sai an fitar da ni." Ba wai ɗakin ya yi sanyin kirki ba ne. Bai yi ba, kuma da Sabo na nan da na gaya masa a gaban mutane. Amma da la'asar, in iska ta shigo ta nan, nakan ce, "Injiniya, har yanzu fa a ƙasa nake." Sai in tsaya ina jiran ya rama.

Allah Ya jiƙanka, Sabo, Ya sanyaya maka makwanci.